Tsohon Injin Rauta a Hannun Ɗan Fansho

Duk wanda ya ratsa ta gefen rumfunan kafintoci a garin Tambuwal, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, idan ya dace da ranar da aka samu wuta, yana iya jin wata ƙara mai tsini wadda ta sha bamban da gurnanin zarto ko bugun guduma. Ƙara ce siririya mai huda kunne, kamar kukan sauro da aka ninka sau dubu. Mai wannan ƙara wani ɗan inji ne da ake riƙewa da hannu biyu, wanda kafintoci ke kira rauta. Kada ɗalibai su ruɗe, ba rautar da ke rarraba intanet ake nufi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan rauta ita ce ke fitar da adon da ake gani a gefen gado da bakin tebur, ita ce kuma ke haƙa kwarmin da ake zura gilashi ko falanki a jikin ƙofa.

Abin da ya jawo wannan bayani tambaya ce da takan taso wa mutumin da ya ajiye aikin gwamnati. Ƙa'idar aiki ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sai dai dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. To a ƙaddara wani malami ya koma gida Kebbe, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, da sauran ƙarfinsa. Gona takan riƙe shi wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuwa rani ne, ga kuma fansho ba ya kai wata. Yana da sha'awar aikin katako tun yana yaro, sai ga wani ɗan gwanjo ya kawo masa tsohuwar rauta mai jikin ƙarfe, wadda wataƙila ta girmi babban ɗansa, a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ba. Ya saya, ko ya bari?

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, suna kuma cewa araha ba ta ado. A wannan magana duka biyun suna da gaskiya. Tsufa ba aibi ba ne ga rauta, domin ginin injin bai canza sosai ba cikin shekaru masu yawa. Amma akwai abu guda da yawancin tsofaffin ba su da shi, wato hanyar rage gudu, kuma kusan duk haɗarin injin daga nan yake tasowa.

Daga haƙorin tsohuwa zuwa lantarki

Kafin lantarki, kafintocin Ingila suna share gindin kwarmi da wani guntun katako mai ƙarfe ɗaya tak da ya leƙo ta ƙasa, wanda suka yi wa laƙabi da haƙorin tsohuwa. A farkon ƙarni na 20 ne aka soma ɗaura wa wannan aiki mota a Amurka, kuma a 1929 kamfanin Stanley ya sayi masana'antar rautar wani maƙeri mai suna Carter, ya yaɗa ta. Wajen 1949 kamfanin Elu na Jamus ya fito da irin wadda ake dannawa haƙorin ya nutse cikin katako a kan sifirin, ya kuma koma sama idan an saki. Har yau waɗannan iri biyu ne a kasuwa: mai tsayayyen gindi da mai nutso. Ƙullin rage gudu da na'urar tashi a hankali daga baya suka zo.

Sirrin yana cikin gudu

Masassaƙi yana cire itace da ƙarfin damtse, sara ɗaya na gizago ya ɗebe ɓawo mai kauri. Rauta kuwa akasin haka take yi: ba ta da ƙarfin a zo a gani, sai dai tana yin ƙananan sara masu yawan da ido ba ya iya bi. Bari mu yi lissafi, ɗalibi ya ɗauko takarda.

Tsohuwar rauta takan yi juyi tsakanin 20,000 da 27,000 a minti ɗaya. Mu ɗauki 24,000. Idan aka raba da 60, an sami juyi 400 a daƙiƙa. Haƙorin da ake ɗaura mata yawanci kaifi biyu gare shi, ke nan yana saran katako sau 800 a kowace daƙiƙa. Idan mai aiki yana tura injin santimita 5 a daƙiƙa, wato milimita 50, to kowane sara yana ɗebe milimita 50 a raba da 800, kimanin 0.06 na milimita, wanda ya yi daidai da kaurin gashin kai. Dalilin santsin aikin rauta ke nan. Itacen ba ya samun damar tsagewa, don abin da ake cire masa a lokaci guda bai taka kara ya karya ba. Wannan sara 800 a daƙiƙa kuma yana daga cikin abin da ke haifar da siririyar ƙarar nan da muka fara da ita.

Wannan lissafi yana bayyana kuskuren da sabon shiga ya fi yi. Tsoro kan sa shi tura injin a hankali ƙwarai, yana zaton haka ne kiyayewa. Amma idan tafiyar ta yi jinkiri, haƙorin ba ya samun abin da zai yanka, sai ya dinga gugar wuri ɗaya, guga kuwa zafi take haifarwa. Sai a ga baƙin tabo a gefen katako, a ji ƙauri, haƙorin kuma ya dakushe da wuri. Ɓarɓashin da ke fita shi ne ke kwashe zafin ya tafi da shi. Saboda haka gwanin rauta da kunne yake aiki: idan ƙarar ta yi ƙasa kamar injin yana nishi, an matsa masa, idan kuma ana jin ƙauri, an yi nawa.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Haƙori mai faɗin milimita 25 yana da kewayen milimita 78.5, wato faɗin sau 3.14. A juyi 400 cikin daƙiƙa, bakinsa yana tafiyar mita 31 a daƙiƙa, kimanin kilomita 113 a awa, gudun motar haya a kan hanyar Jega. Amma akwai manyan haƙora na fitar da adon ƙofa masu faɗin milimita 75. A wannan juyin dai, bakin irin wannan yana gudun kusan kilomita 340 a awa. Kuma kowane abu da ke kewaya yana neman ya ɓalle ya miƙe, kamar dutsen majajjawa. A ƙaramin haƙorin ma, ƙarfin da ke fizgar bakinsa waje ya kai ninki 8,000 na nauyinsa, ma'ana guntun ƙarfe mai giram 2 yana ja kamar kilo 16. A babban kuwa sai a ninka wannan sau uku. Idan akwai ɗan tsagi a wurin da aka liƙa kaifin, zai fita ne kamar harsashi.

Don haka ne masu ƙera haƙora suke gargaɗin kada a wuce juyi 12,000 ko makamancin haka da manyan haƙora. Sabuwar rauta tana da ƙullin da ake murɗawa a sauko da ita can. Tsohuwa ba ta san wannan ba, gudunta ɗaya ne, ko dai tana kashe ko tana kan ganiya. Hukuncin a fili yake: mai tsohuwar rauta ya tsaya ga haƙoran da ba su wuce faɗin milimita 25 zuwa 30 ba. Da waɗannan zai yi kusan duk aikin gida. Adon manyan ƙofofi ya bar wa masu manyan injuna.

Me ya sa take gudu haka?

Ɗalibin kimiyyar lantarki zai iya tambaya: ai wutar Nijeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa, kuma an koya mana cewa motar famfon ruwa da ta injin niƙa ba sa wuce juyi 3,000 a minti, wato 50 sau 60. Yaya rauta ta ninka wannan sau takwas? Amsar ita ce motarsu ba iri ɗaya ba ce. Motar famfo tana bin maganaɗisun da ke kewayawa daidai da zagayen wutar, ba ta iya wuce shi. Ita kuwa rauta, da injin huda, da injin gurza ƙarfe na masu walda, da na'urar markaɗe ta kicin, wutar tana shiga har cikin naɗin wayar da ke juyawa, ta hanyar wasu guntayen gawayi biyu da sifirin ke dannawa a kan zoben jan ƙarfe mai gida-gida. Wannan zobe shi ne ke sauya alkiblar wutar daidai da juyin motar kanta, don haka zagayen wutar gari bai ɗaure ta ba. Ribar ita ce ƙaramin inji mai gudun tsiya. Hasarar kuwa ita ce ƙara, da tartsatsi, da gawayin da ke cinyewa.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Daga wannan bayani mai saye zai gane inda tsufa ke kama injin. Gawayin nan, wanda masu gyara ke kira kabon, shi ne mafi sauƙi: ana kwance murfinsa a duba, idan ya gajarce a sa sabo. Ɗan tartsatsi kaɗan a bakinsa ba laifi ba ne, amma idan wuta tana zagaye zoben gaba ɗaya, ko ana jin warin ƙonannen fenti, naɗin wayar ya taɓu, a haƙura. Sai boris. A cire filogi, a juya sandar injin da yatsa. Idan ana jin ƙaiƙayi kamar yashi, ko sandar tana girgiɗi gefe da gefe, boris ya mutu. Shi ma ana canza shi, lambarsa tana rubuce a jikinsa.

Abin da aka fi mantawa, alhali ya fi duka muhimmanci, shi ne ɗan bututun ƙarfe mai tsagi wanda ke maƙure wutsiyar haƙori, wato kolet. A nan akwai tarkon da kayan gwanjo ke ɗauke da shi. Injunan Amurka da Ingila da inci aka auna su, kwata ko rabin inci, wato milimita 6.35 da 12.7. Na Jamus da maƙwabtanta kuwa milimita 6 ne, ko 8, ko 12. Ido ba ya bambanta 6 da 6.35. Haƙorin milimita 6 zai shiga kolet ɗin kwatan inci, a ɗaure, a ga kamar ya kama, amma da zarar ya ji katako sai ya soma zamewa, ya zurfafa yankan da kansa, ko ya fice. Lallai a karanta abin da aka rubuta a jikin kolet da jikin haƙori. A kuma zura aƙalla kashi uku cikin huɗu na wutsiyar, amma kada ta tokare can ƙasa, a ɗan ja ta baya kafin a ɗaure.

Sannan a karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin injin. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da aka ƙera don can, idan aka soka shi a soket ɗin nan kai tsaye, zai yi ihu na ɗan lokaci, hayaƙi ya biyo baya. Sai da tiransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin. Har ila yau, tsofaffin injuna masu jikin ƙarfe sun dogara ne ga waya ta uku, wadda masu wayarin ke kira at, don ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ƙasa. Gidaje da yawa a garuruwanmu waya biyu kawai aka ja musu. Mutumin da ya riƙe irin wannan inji da hannu biyu, yana tsaye babu takalmi a daɓen da aka yayyafa wa ruwa, shi ne zai zama waya ta ukun. A nemi mai wayarin ya kafa sandar at ta gaske, a sa na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta ɓalle. Injin da ke da alamar murabba'i cikin murabba'i a allonsa rufi biyu gare shi, ba ya bukatar wannan waya.

Batun wuta ma kansa ba ƙarami ba ne. Sakkwato tana cikin yankin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma mazaunin ƙauyukan Kebbe ya san janareta ko hasken rana ne abin dogaro. Matsakaiciyar rauta tana cin wat 900 zuwa 1,800, kuma a daƙiƙar da aka kunna ta tana fizgar ninkin haka, shi ya sa tsohuwa takan yi tsalle a hannu. Ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba. A nemi wanda ya ninka ƙarfin injin. Idan wuta ta yi rauni, ko an ja doguwar siririyar waya, gudun yakan ragu, fankar da ke sanyaya motar ta rage iska, mai aiki kuma ya ƙara dannawa. Haka naɗin waya ke ƙonewa.

Katako yana numfashi

Inji rabin magana ne. Sauran rabin katako ne, kuma yanayin Tambuwal da Kebbe yana da wuya gare shi. Katako yana shan laima daga iska, yana kuma mayar mata. A tsakiyar hunturu, lokacin da danshin iska kan faɗi zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ruwan da ke jikin busasshen katako yakan sauko wajen kashi 5. A watan Agusta, idan danshin ya kai kashi 80, sai ya hau wajen kashi 16. Katako ba ya tsawo ko gajarta da wannan sauyi sai ɗan abin da ba a lura, amma ta faɗi yana kumbura yana tsukewa. Falanki mai faɗin santimita 40 yana iya motsa rabin santimita zuwa santimita guda tsakanin rani da damina. Wannan ne dalilin da ƙofa ke cijewa da damina, da rani kuma a hango tsakar gida ta tsaginta.

A nan ne, a ganina, rauta ta fi amfani, ba a wajen ado ba. Idan aka haɗa firam, aka haƙa kwarmi a cikinsa, aka zura falankin tsakiya ba gam ba ƙusa, aka bar masa 'yar sarari, to zai kumbura ya tsuke a cikin kwarmin ba tare da ya tsage ba. Dabara ce tsohuwa, amma haƙa madaidaicin kwarmi da hannu aikin gwani ne, rauta kuwa ta kawo shi kusa da mai koyo. Sai dai katakon da ake kawowa daga kudu yakan iso da ruwansa. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, a bar shi makonni kafin a taɓa shi.

Mai koyo ya fara da katako mai taushi irin malaina ko farin katakon kudu. Maɗaci yana karɓar rauta, amma jijiyarsa a sarƙe take, yana son kaifi sosai. Ƙirya da marke, waɗanda masassaƙa ke so don ƙarfinsu, suna cinye haƙorin ƙarfe nan da nan, sai mai bakin kabayid, wani haɗi mai taurin gaske da aka ƙirƙiro a Jamus a 1923. Maɗobiya kuwa an yi mata saran da ya sa a 2017 aka shigar da ita jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ke sa ido a kan cinikinsu. Ɗan fanshon da ke neman katakon kanta ba ya bukatar ta. Ko wane iri ne, kada a zurfafa fiye da milimita 3 zuwa 5 a bi ɗaya, gara a bi sau uku. A ɗaure katakon a tebur, kada a ce jika ya riƙe. Idan gefen da ake yi wa aiki yana fuskantar mai aiki, daga hagu zuwa dama ake tura injin, don haƙorin ya dinga turjiya. Idan aka bi akasin haka, haƙorin zai hau katakon kamar taya, ya fizge injin.

Jikin mai shekara sittin

Akwai abin da ba a iya saye a kasuwar gwanjo, wato kunne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Rauta a cikin katako tana iya kai desibel 100, inda lokacin da aka yarda ya koma minti 15 kacal. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma dattijo ya riga ya rasa wasu ta hanyar shekaru. Matoshin kunne ba kwalliya ba ne. Ƙurar katako ma haka: a 1995 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci, ga waɗanda suka daɗe suna shaƙa. Ƙurar loko kuma tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. A yi aiki a rumfa mai iska, da takunkumi da tabarau. A tuɓe babbar riga, a naɗe hannun taguwa, a cire carbi daga wuya. Kuma duk lokacin da za a canza haƙori, filogi ake cirewa, ba makunni kaɗai ba, musamman a garin da wuta kan dawo ba sallama.

Malamai da suka daɗe a aiki za su tuna da shigowar tsarin 6-3-3-4 a 1982, lokacin da aka yi odar injunan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai, da yawansu kuma suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu wanda zai girka. Wasu daga cikin waɗanda ke ritaya yanzu a allo kawai suka ga waɗannan injuna, ko suka koyar da su. Ba abin mamaki ba ne idan hannunsu yana ƙaiƙayi.

To me zai ƙera? Ba turmi ba, ba akushi ba, waɗannan har gobe na masassaƙi ne da gizagonsa, rauta ba ta da abin cewa a wurin. Nata fagen shi ne kantar littattafai, da bencin makaranta da aka kashe wa kaifin gefe don kada ya yanki yara, da firam ɗin taga mai ragar sauro, da ƙaramar ƙofar kabad. Wanda ke kusa da daji kuma yana iya gwada amyar katako irin ta Kenya, wadda ake jera wa sanduna a sama. Kowace sanda faɗinta milimita 32 ne, domin tazarar da ƙudan zuman Afirka ke bari ke nan daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita. A tsakiyar sandar ake haƙa siririn kwarmi a tsiyaya kakin zuma, ƙudan ya bi layin ya gina saƙarsa a miƙe, yadda za a ɗaga ta a ɗebi zuma ba tare da an ƙone amya ba. Ƙaramin haƙori mai faɗin milimita 3 ya isa wannan aiki, kuma amya guda tana cin sanduna wajen talatin.